NAZARI: Wa ke da iko da tukunyar mai abinci, jiha ko ƙaramar hukuma?

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, kusan duk muhawarar da ake yi kan 'yancin ƙananan hukumomi ta tsaya ne a kan kuɗin da ke fitowa daga Abuja. Ana ta tambayar ko an buɗe musu asusu a Babban Banki, ko gwamnoni sun sakar musu mara, ko kuwa tuwo ne aka sauya wa suna. Tambayoyin suna kan hanya, domin kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya ba abin wasa ba ne, kuma har a watan Disambar 2025 sai da Shugaba Bola Tinubu ya ja kunnen gwamnoni a taron jam'iyyar APC kan jan ƙafar da ake yi wajen aiwatar da hukuncin.

Sai dai akwai wani kuɗin da ba daga sama yake saukowa ba. Daga ƙasa yake tasowa: daga aljihun mai gidan abinci, da mai gidan burodi, da mai tsire, da mai shayi, da matar da ke kafa tukunyar tuwo a bakin tasha. Hukuncin 2024 bai taɓa wannan ɓangaren ba, alhali a nan ne talaka ke haɗuwa da hukuma ido da ido. Wanda yake son ya gane ko ƙaramar hukuma gwamnati ce ko kuwa ofishin biyan albashi ce kawai, to ya dubi wanda ke bayar da izinin buɗe gidan abinci, da wanda ke karɓar kuɗin izinin, da kuma wanda ke leƙa madafar domin ya ga abin da ake dafa wa jama'a. A yawancin jihohin Najeriya waɗannan ayyuka uku sun rabu hannu daban-daban, kuma na ukun, wanda shi ne dalilin sauran biyun, shi ne ya zama maraya.

Abin da kundin tsarin mulki ya ce, da ƙofar da ya bari a buɗe

A takarda, maganar ba ta da wani lauje cikin naɗi. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya zayyana ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a cikinsu akwai kulawa da tsara harkar shaguna da rumfuna, da gidajen abinci, da gidajen burodi, da duk wani wurin da ake sayar wa jama'a abinci. Haka nan ya ba su kula da allunan talla, da gidajen wanki, da mayanka, da kasuwanni, da tashoshin mota, da kwashe shara, da bayar da lasisin sayar da barasa. Wato kusan duk abin da ya shafi gidan abinci, daga naman da aka yanko zuwa allon da ke ƙofa zuwa sharar da ke bayan gida, kundin ya ajiye shi a hannun hukumar da ta fi kusa da mai sana'ar.

Amma kundin da ya bayar da hannun dama ya bar ƙofar karɓewa da hannun hagu. Sashe na 7 ya ce gwamnatin jiha ce za ta yi dokar da za ta tanadi kafuwar ƙananan hukumomi, da tsarinsu, da kuɗinsu, da ayyukansu. Ƙaramin sashe na 5 ya ƙara da cewa ayyukan da dokar za ta ɗora musu dole su haɗa da waɗanda ke Jadawali na Huɗu. Lauyoyin ƙananan hukumomi suna karanta wannan a matsayin garkuwa: jiha ba ta da ikon rage ko ɗaya. Lauyoyin jihohi kuwa suna karanta shi a matsayin linzami: ikon ba ya aiki sai ta hanyar dokar Majalisar Dokokin Jiha, kuma wanda ya rubuta dokar shi ke faɗin iyakarta.

Akwai kuma wani bambanci da ke ɓace wa mutane da yawa. Ikon kula da sana'a daban, ikon ɗora mata haraji daban. Jadawali na Huɗu ya yi maganar kulawa da tsarawa ne. Batun karɓar haraji ko wani kuɗi yana cikin kashi na biyu na Jadawali na Biyu, inda aka ce Majalisar Dokokin Jiha ce ke iya yin tanadin yadda ƙaramar hukuma za ta karɓi kuɗi. Ke nan ƙaramar hukuma tana da hurumin cewa wannan madafar ba ta da tsabta, a rufe ta, amma ko sisin kwabo ba za ta iya ƙirƙiro wa mai madafar ba sai da sahalewar jiha. Daga wannan tsagin ne duk rigimar ta ɓullo.

Kotun Ƙoli ta taɓa tsoma baki a irin wannan taƙaddamar, kuma a kan Kano ne. Gwamnatin jihar ta ba kamfanin Knight Frank & Rutley kwangilar ƙiyasta darajar gidaje a birnin Kano domin karɓar harajin gidaje. Da magana ta kai ga shari'a, Kotun Ƙoli a 1998 ta ce wannan aikin ƙananan hukumomi ne, jiha ba ta da hurumin ƙulla kwangilar tun farko. An yanke hukuncin ne bisa kundin 1979, amma jerin ayyukan bai sauya sosai ba a na 1999. Darasinsa a fili yake: abin da jadawalin ya ba ƙaramar hukuma, jiha ba ta da damar yin gaban kanta a kansa. Abin da ya faru a shekarun da suka biyo baya shi ne jihohi suka koyi yadda za su zagaye wannan darasi ba tare da sun yi karo da shi gaba da gaba ba.

Yadda romon ya koma sama

A 1998 ɗin dai, gwamnatin soja ta fitar da Doka mai lamba 21, wadda ta raba haraji gida uku domin magance yawan karɓe-karɓe. Ta bar wa ƙananan hukumomi kuɗin shaguna da rumfuna, da harajin gidaje, da lasisin barasa, da kuɗin mayanka, da na tashoshin mota, da na allon talla, da na kwashe shara, da harajin kasuwannin da jiha ba ta zuba kuɗinta a ciki ba. Jihohi kuma ta ba su rajistar wurin kasuwanci, har ta ƙayyade musu iyaka: a birni kada ya wuce naira 10,000 na rajista da naira 5,000 na sabuntawa duk shekara, a karkara kuma naira 2,000 da naira 1,000. Dokar ta kuma haramta kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji, haramcin da duk wanda ya taɓa rako motar tumatir daga Kadawa zuwa Legas ya san matsayinsa.

Legas ce ta buɗe sabon babi. A 2006 ta kafa hukumar LASAA ta ɗauke harkar allunan talla, a 2009 kuma ta yi dokar da ta ɗora harajin kashi 5 cikin ɗari a kan abin da aka ci ko aka sha a otal da gidan abinci da wuraren taro. Gwamnatin tarayya, wadda ke ganin hukumarta ta yawon buɗe ido ce ke da ikon yi wa otal-otal da gidajen abinci rajista, ta garzaya Kotun Ƙoli. A watan Yulin 2013 kotun ta ba Legas gaskiya, ta ce wannan fage na jihohi ne.

Ana yawan ambaton wannan hukunci a matsayin nasarar tsarin tarayya, kuma haka ne ta wata fuskar. Amma a lura da waɗanda suka yi shari'ar: Antoni Janar na Tarayya da Antoni Janar na Legas. Hukumar da kundin tsarin mulki ya ambaci sunanta a kan gidajen abinci ba ta cikin masu ƙara, ba ta cikin waɗanda ake ƙara. Ba ma ta da damar shiga, domin sashe na 232 ya keɓe shigar da ƙara kai tsaye a Kotun Ƙoli ga rikicin tarayya da jiha ko na jiha da jiha. Shi ya sa ko a 2024 sai da Lateef Fagbemi, Antoni Janar na Tarayya, ya shigar da ƙara a madadin ƙananan hukumomi. An raba gadon ne mai gadon yana waje.

Daga nan sai sauran jihohi suka bi sahu. Ana saura kwanaki kaɗan gwamnatin Goodluck Jonathan ta sauka a watan Mayun 2015, Ministar Kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala ta sa hannu kan wani umarni da ya faɗaɗa jerin harajin jihohi, ya saka harajin cin abinci a otal da gidajen abinci a ciki, ya kuma mai da kuɗin allon talla na haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙaramar hukuma. Kano ta gyara dokar harajinta a 2017 ta shigo da nata kashi 5 cikin ɗari, sai ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta NECA ta kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya kuma a 2018 ta soke harajin bisa hujjar cewa harajin VAT ya riga ya mamaye fagen. Hujjar ta samo asali ne daga hukuncin Kotun Ƙoli na 2017 a shari'ar Legas da Eko Hotels. A 2019 wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke akasin haka, ta ce harajin jiha ne halastacce a gidajen abinci, VAT ne bai kamata a karɓa ba. A 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukuncin. A tsakanin haka, a 2020, wata kotun ta soke umarnin ministar na 2015 saboda minista ba ta da ikon gyara dokar majalisa, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma, a shari'ar Ƙaramar Hukumar Uyo da gwamnatin Akwa Ibom kan kuɗin tashoshin mota, ta ce ita kanta dokar 1998 ɗin ta ci karo da kundin tsarin mulki.

Mai gidan abinci ba lauya ba ne. Abin da ya sani shi ne masu rasit ba su daina zuwa ba ko da rana ɗaya saboda wani hukuncin kotu.

Batun barasa ma, ko da yake a gefe yake, yana nuna inda ƙarfi yake a aikace. Jadawali na Huɗu ya ba ƙananan hukumomi ikon bayar da lasisin sayar da ita, amma a jihohin da ke bin tsarin shari'ar Musulunci dokar jiha ce ta hana, hukumar jiha irin Hisbah ce kuma ke aiwatarwa. Ko mutum yana goyon bayan hanin ko ba ya yi, abin lura shi ne babu wani shugaban ƙaramar hukuma da aka taɓa ji ya ce an shiga huruminsa.

Hujjar jihohi ba ta banza ba ce

Zai zama rashin adalci a ɗauki ƙananan hukumomi a matsayin salihan bayin da aka zalunta. Duk wanda ya taɓa kafa ko da teburin shayi ya san yadda da yawansu ke karɓar kuɗi. Ana bayar da kwangilar karɓar harajin ne ga wani na hannun daman shugaba, shi kuma ya ɗebo matasa, su fito da littafin rasit da wani lokacin babu wanda ya san inda aka buga shi. Ba a liƙa farashi a ko'ina, ciniki ake yi. Wanda ya yi gardama a ɗauke masa benci ko tukunya ko janareta, sai ya bi sawu ya fanso. Abin da ke isa baitulmalin ƙaramar hukumar daga wannan farauta kaɗan ne daga abin da aka tatsa, shi ma ɗin babu mai bin diddiginsa.

Ga kuma matsalar birane. Birnin Kano ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu suka yi shi: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso. Matashiyar da ke dafa abinci a gida tana tallata shi a Instagram, ɗan sahu ko mai babur yana kai wa masu saye, tana iya ratsa uku ko huɗu daga cikinsu a aike ɗaya. Idan kowacce za ta tsaya kan cewa sai an sayi takardarta, sana'ar ta mutu tun kafin ta tsaya da ƙafarta. Kundin tsarin mulki da kansa ya hango wannan, inda ya ɗora wa majalisar jiha alhakin tabbatar da cewa ƙananan hukumomi biyu ba su karɓi haraji iri ɗaya daga mutum ɗaya ba.

A kan wannan hujja Kaduna ta tsaya a 2016, zamanin Nasir El-Rufai, lokacin da ta tattara dukkan harajinta a doka ɗaya, ta mai da hukumar KADIRS ita kaɗai ce mai karɓa, har da na ƙananan hukumomi, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2018 da dala miliyan 750, ya ƙara wa wannan salo ƙarfi, domin ɗaya daga cikin sharuɗɗan samun tallafinsa shi ne jiha ta buga kundin haraji guda ɗaya da ya ƙunshi nata da na ƙananan hukumominta. Sakamakon ya bayyana a lissafi: alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna Kaduna ta tara sama da naira biliyan 60 na kuɗin shiga na cikin gida, yayin da Kano, duk da girman kasuwancinta, ba ta kai biliyan 40 ba.

To amma tattara karɓa a hannu ɗaya yana da amfani ne kawai idan sauran hannayen sun janye, kuma idan kason ƙaramar hukuma yana komawa gare ta a bayyane. A jihohi da dama ba a samu ko ɗaya daga cikin biyun ba. Jiha ta shigo da nata masu karɓar, na ƙaramar hukuma ba su tafi ba. Mai gidan abinci matsakaici a babban birnin jiha yana iya samun kansa yana biyan rajistar wurin kasuwanci ga jiha, da izinin shago ga ƙaramar hukuma, da kuɗin allo ga hukumar talla, da na shara ga hukumar tsabtace muhalli, da takardar hukumar kashe gobara, da gwajin lafiyar ma'aikata, da harajin gini idan mai gidan ya turo masa, sannan idan cinikinsa ya kai mizani ga VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Kowane ɗaya a karan kansa yana da hujja. Idan aka tara su, suna ƙarewa ne a cikin farashin farantin shinkafa, ko a ragin albashin yaran da ke wanke kwanuka.

Aikin da babu mai rububinsa

A duk wannan kokawa, abin da ba a cika jin jiha da ƙaramar hukuma suna jayayya a kansa ba shi ne aikin kansa. Kuɗin lasisin gidan abinci asalinsa ladan wani aiki ne: a zo a duba ruwan da ake girki da shi, da inda ake ajiye nama, da makewayi, da lafiyar masu taɓa abincin. Dattawa a Arewa har yau suna ba da labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda ke shiga gida ya leƙa randa, ya duba kwata, mutane kuma na shakkarsa. Tsarin na mulkin mallaka ne, yana da nasa zaluncin, amma babu mai shakkar wanda alhakin ke wuyansa. A yau jami'an duba-gari suna nan, har ma akwai majalisar ƙasa da ke yi musu rajista tun dokar 2002, sai dai a ƙananan hukumomi da yawa ba su da abin hawa, ba su da kayan gwajin ruwa, ba a kuma ɗaukar sabbi yadda birane ke faɗaɗa. Abin da ya rage wa wasunsu shi ne littafin rasit, sai ziyarar duba tsabta ta rikiɗe ta zama wata hanyar karɓar kuɗi.

Shekarar 2021 ta nuna tsadar wannan giɓi. A watannin Maris da Afrilu, mutane a Kano suka riƙa kwanciya a asibiti bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin sinadarai da suka lalace, har Kwamishinan Lafiya na lokacin ya bayyana cewa mutum goma sun rasu, kusan 400 kuma an kwantar da su. Hukumar NAFDAC da hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar sun bi kasuwanni sun kama kaya, amma bayan aukuwar abin ne. Garin ya riga ya bi ta hannun 'yan kasuwa, ya isa ga masu haɗa lemo a unguwanni, wato daidai matakin da kundin tsarin mulki ya ce ƙaramar hukuma ce mai sa ido. A shekarar dai, hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zargin sun kamu da cutar amai da gudawa a faɗin ƙasar, fiye da 3,600 suka mutu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna kan gaba. Cutar ta gurɓataccen ruwa da abinci ce. Ba gidajen abinci kaɗai ke yaɗa ta ba, amma jami'in da ya kamata ya duba rijiyar unguwa shi ne wanda ya kamata ya duba randar mai abinci.

Rabon da aka yi ke nan: manyan gidajen abinci masu na'urar POS da rajistar kamfani, waɗanda harajinsu ke da kauri kuma yake da sauƙin karɓa, jiha da tarayya ke kokawa a kansu har Kotun Ƙoli. Dubban ƙananan masu abinci, waɗanda su ne ke ciyar da leburori da ɗalibai da 'yan kasuwa, waɗanda kuma duba su ke buƙatar ma'aikata da man fetur, an bar wa ƙaramar hukuma. Idan annoba ta ɓarke a ce ina duba-gari. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Akwai tarihin siyasa a bayan wannan rauni, musamman a Arewa. En'e ta rayu ne da harajin kai da jangali, kuma zafin karɓarsu na cikin abin da ya ba NEPU, daga baya PRP, farin jini a wurin talakawa. Da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka hau mulki a 1979, soke waɗannan haraji biyu na cikin matakansu na farko, jama'a kuma suka yi murna da gaskiyarsu. Amma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya jingina su da kason tarayya, kuɗin man fetur kuma ya sa babu wanda ya damu da gina wata sabuwar hanyar kuɗin shiga mai adalci a madadin tsohuwar. Hukumar da ba ta dogara da aljihun mutanenta ba, ba ta jin dole ta yi musu bayani. Su ma mutanen ba sa ganin dalilin tuhumarta, sai dai su guje wa masu rasit ɗinta.

Sabbin dokokin haraji da abin da ba su taɓa ba

Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokokin gyaran haraji guda huɗu, manyansu kuma suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin da ya tsara su, ya sha faɗin cewa harajin da ke kan doka a Najeriya ya haura 60, waɗanda ba sa kan doka kuma sun fi haka nesa ba kusa ba, burin kwamitin kuma shi ne a mai da su ƙasa da goma. Dokokin sun sauya rabon VAT zuwa kashi 10 na tarayya, 55 na jihohi, 35 na ƙananan hukumomi, sun yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba, sun kuma kafa ofishin sauraren koken masu biyan haraji.

Duk wannan ci gaba ne, amma dokar Majalisar Tarayya ba ta gyara kundin tsarin mulki. Sashe na 7 yana nan yadda yake, Jadawali na Huɗu ma haka. Mai tuwo a bakin tasha ba kamfani ba ce, yafe harajin riba bai shafe ta ba. Abin da ke cin ta shi ne kuɗin kullum da na wata da ake karɓa da sunan jiha ko ƙaramar hukuma ko ƙungiya, kuma wannan sai dokar jiha ce za ta iya taɓa shi. Haɗarin da ke tattare da kiran a haɗe haraji wuri ɗaya shi ne jihohi su fassara shi da cewa komai ya dawo hannun hukumar harajin jiha, a rufe babin ƙaramar hukuma gaba ɗaya, a daidai lokacin da ake shelar an ba ta 'yanci. Anambra ta riga ta nuna yadda hakan ke yiwuwa a ɓangaren kason tarayya, lokacin da Gwamna Charles Soludo ya sa hannu a watan Oktoban 2024 kan dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi zuba wani kaso na kuɗinsu a asusun haɗin gwiwa, watanni uku kacal bayan hukuncin Kotun Ƙoli.

Mafitar da ta fi kusa da hankali ba ta buƙatar ɗayan ɓangarorin ya ci ɗaya da yaƙi. Mai gidan abinci ya samu takardar biya guda ɗaya a shekara, farashinta a rubuce gwargwadon girman sana'arsa, ya biya ta banki ko ta waya. Babu laifi hukumar harajin jiha ta zama mai karɓa, matuƙar a matsayin wakiliya take yi, dokar kuma ta fayyace kason kowace ƙaramar hukuma, a riƙa buga shi duk wata kamar yadda ake buga rabon asusun tarayya. Jiha ta tsara ƙa'idar tsabta guda ɗaya ta kuma samar da ɗakin gwaji, ƙaramar hukuma ta riƙe aikin dubawa, wani sanannen kaso na kuɗin lasisin kuma ya tafi kai tsaye ga sashen duba-gari. Takardar shaidar dubawa, mai ɗauke da kwanan wata da sunan jami'in, a liƙa ta inda mai cin abinci zai gani. Masu ƙananan tebura kuwa, rajista da ɗan horo kan tsabta sun fi amfani a kansu fiye da kuɗin da karɓarsa ta fi shi tsada.

Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan shugaban ƙaramar hukumar da zai iya duban gwamna ya ce ina kasonmu. A zaɓen ƙananan hukumomin da aka yi a watan Oktoban 2024, APC ta lashe dukkan kujeru 23 na Kaduna, NNPP kuma ta lashe dukkan 44 na Kano, haka labarin yake a kusan kowace jiha ko wace jam'iyya ke mulki. Shugaban da hukumar zaɓen jiha ta ɗora ba zai kai wanda ya naɗa hukumar ƙara kan kuɗin allon talla ba. Majalisar Tarayya ta amince da gyaran kundin tsarin mulki kan 'yancin kuɗi da na gudanarwa ga ƙananan hukumomi a watan Maris na 2022, amma ƙudurorin suka kasa samun amincewar majalisun jihohi 24 da ake buƙata. Waɗannan majalisun dai su ne ke da alƙalamin rubuta dokar da za ta ce nawa mai abinci zai biya, wa zai biya, da kuma inda kuɗin zai tafi, kuma kujerunsu na cikin waɗanda za a kaɗa wa ƙuri'a a 2027.